WANDA YA CE "BAN SANI BA", DA ME ZA MU AMSA MASA?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa daga cikin masu hidima ya gabatar a zaman ta'alimin matasa a garin Gaya, wanda 'yan'uwa daga Ajingi da ƙauyukan kewaye suka halarta. Mun kawo muku shi kamar yadda ya gabatar, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba. A sha karatu lafiya.



Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) da Ya ba mu hankali, Ya kuma umarce mu da yin aiki da shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka 'yan'uwa, kun dai san ni, ni ba malami ba ne. Iyakata sakandare, sai ɗan abin da aka tsinta a Islamiyya. Ga malamaina nan a zaune, inda na kauce sai su gyara mini. Abin da ya sa na karɓi wannan magana shi ne, abin a kaina ya faru, kuma na sha kunya a cikinsa, ba na so waninku ya sha irinta.

Ina da wani aboki, tare muka yi karatun allo, tare muke zuwa gona. Ya tafi ƙaro ilimi birni. Da ya zo hutu, wani dare bayan sallar Isha'i muna zaune a dakali mu biyu, sai ya ce da ni: "Mutumina, zan gaya maka wata magana, amma amana ce. Ni fa yanzu ban ce babu Allah ba, ban kuma ce akwai ba. Ban sani ba ne kawai. Lahira ma haka, tunda babu wanda ya je ya dawo ya ba mu labari." Na nemi izininsa kafin in faɗi wannan, saboda haka kada wanda ya tare ni a waje yana tambayar sunansa, ba zan faɗa ba.

Wallahi 'yan'uwa, da farko jikina sanyi ya yi, daga baya kuma zuciya ta ɗebe ni. Nan take na zaro waya na kunna masa wannan sautin da yake yawo a WhatsApp, wanda ake cewa wai Rashawa sun haƙa rami a Sabiriya, suka zura makirfo, suka ɗauko kururuwar waɗanda ake yi wa azaba a ƙarƙashin ƙasa. Na ce to ga lahirar nan, ji da kunnenka. Bai yi mini gardama ba. Wayarsa ya ɗauko, cikin 'yan mintoci ya nuna mini asalin labarin, ashe ƙarya ce tsagwaronta. Sai ya dube ni ya ce: "In dai irin wannan ce hujjar taku, to ka ƙara mini shakka a kan shakka." Daren nan ban runtsa ba. Na gane cewa da takobin kara na fita yaƙi.

MUTANE UKU NE, KADA MU CAKUƊA SU

To, kafin komai mu rarrabe. A kan wannan mas'ala mutane uku ne. Akwai mai cewa akwai Allah, shi ne mumini. Akwai mai cewa babu, shi ne mulhidi. Akwai kuma mai cewa shi bai sani ba. Wannan na ukun shi Turawa suke kira agnostik. Wani masanin halittu ɗan Ingila, Thomas Huxley, shi ya ƙirƙiro kalmar a shekarar 1869, yana nufin mutumin da ba zai ce ya san abu ba alhali ba shi da hujja a kansa.

Amma kada ku ɗauka Turawa ne suka fara gano irin wannan mutum. Malamanmu na ilimin tauhidi sun riga su da ɗaruruwan shekaru. Sa'aduddin Taftazani, wanda ya rasu wajen 1390, a sharhin da ya yi wa Aƙidar Nasafi ya ambaci wasu mutane da ake kira La'adriyya, wato 'yan ban-sani-ba, masu shakkar kowane irin sani. Da wannan sunan ne Larabawan yau suke kiran wannan fikira.

Ita kanta kalmar "ban sani ba" ba abin kunya ba ce a Musulunci. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. Saboda haka in mutum ya furta ta, sai mu tambaye shi: wacce kake nufi? Domin iri biyu ce. Akwai "ban sani ba, ina nema", wannan ɗalibi ne, hakkinsa ne a kanmu mu taimake shi. Akwai kuma "ban sani ba, kuma babu wanda zai taɓa sani". To wannan ta biyun ba shakka ba ce, da'awa ce babba. Ta yaya ka san ba za a iya sani ba? Ka zagaye dukkan hujjoji ka auna su? Ka ga shi ma an bi shi bashin hujja ke nan.

SHAKKA BA YAU TA FARA BA

Wani zai ce ai duk sharrin waya ne da boko. To, Imamu Gazali fa, wanda ake yi wa laƙabi da Hujjatul Islam? Mutumin da aka ba shi kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, ya rasu a 1111. Shi da kansa ya ba da labari a littafinsa Almunƙizu Minad Dalal cewa ya yi kusan wata biyu cikin ciwon shakka, har ya kai ga tuhumar abin da idonsa yake gani da abin da hankalinsa yake yankewa, kafin Allah Ya yaye masa. Bai ɓoye ba, ya rubuta don na baya su amfana.

A cikin Sahihu Muslim ya zo cewa wasu sahabbai sun kai kuka wurin Manzon Allah (SAW) cewa suna jin wasu abubuwa a zukatansu da ba za su iya ko furtawa ba saboda girmansu. Bai kore su ba, bai ce sun fita daga addini ba. Sai ma ya nuna musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce alamar imaninsu. A Suratul Baƙara, aya ta 260, Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa yadda Yake rayar da matattu, ba don bai yi imani ba, sai don zuciyarsa ta ƙara natsuwa, kuma aka nuna masa da tsuntsaye huɗu. To 'yan'uwa, in Badaɗayin Allah ya nemi ƙarin natsuwa aka ba shi, mu su wane ne da za mu rufe ɗan'uwanmu da faɗa don ya yi tambaya?

HUJJAR ƘARYA TA FI RASHIN HUJJA ƁARNA

Bari in koma kan ramin nan da ya kunyata ni. Gaskiyar abin da ya faru shi ne, Tarayyar Sobiyat ta fara haƙa wani rami na bincike a 1970 a yankin Kola, kusa da iyakar Nowe, ba ma a Sabiriya ba. Ya kai zurfin mita 12,262 a 1989. Abin da suka tarar duwatsu ne da zafi mai tsanani, babu wata kururuwa. Labarin ihun kuwa wani gidan talbijin na Kiristoci a Amurka ne ya yayata shi a 1989, sautin kuma haɗa shi aka yi aka liƙa wa labarin daga baya. Mu kuma muka ɗauko muka sa masa rawani. Abin takaici ma, da na tsaya na tuna karatun Islamiyya da ban faɗa ba, domin an karantar da mu a hadisi cewa mutum da aljan ba sa jin azabar kabari. Wato na kare addini da abin da ya saɓa wa addini.

Haka labarin Neil Armstrong, Ba'amurken da ya taka wata a Yulin 1969, wai ya ji kiran salla a can ya musulunta. Tun 1983 aka fitar da sanarwa a madadinsa ta hannun Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka cewa ba haka ba ne. Mutumin ya mutu a 2012, amma har gobe muna tura wa juna. Ga hotunan da ake haɗawa da kwamfuta, a ce ga bishiya ta yi ruku'u, ga kabari yana ci da wuta, a ƙarshe a ce in ba ka tura wa mutum goma ba za ka ga masifa.

Ku duba ɓarnar. Yaro ya taso ya jingina imaninsa a kan irin waɗannan. Ran da ya gano guda ɗaya ƙarya ce, sai Shaiɗan ya raɗa masa cewa sauran ma haka suke. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Addinin da yake gaskiya ba ya bukatar a yi masa tokara da ƙarya, kuma wanda ya tura ƙarya don Allah, ƙarya dai ya tura.

TO, INA HUJJAR GASKIYA?

Bayan wannan dare sai na koma wurin malam, na zauna a gabansa kamar sabon ɗalibi. Abin da zan faɗa yanzu daga abin da na fahimta ne.

Na farko, ta wace hanya ake sanin abu? Malaman tauhidi suka ce hanya uku ce: lafiyayyun gaɓoɓi irin su ido da kunne, da hankali, da labari na gaskiya. Abokina cewa ya yi sai abin da ido ya gani. To mu mutanen Gaya muna da misali a gida. Tarihin Kano ya nuna cewa Abagayawa, maƙera daga nan Gaya, su ne suka je gindin Dala neman tama suka zauna. Masu tonon tarihi kuma sun sami alamun narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Wa ya ga maƙeran nan a cikinmu? Babu. Amma da aka ga kashin maƙera da gurbin wuta, hankali ya yanke cewa an yi maƙera a wurin, labarin kaka da kakanni kuma ya zo ya faɗi daga inda suka fito. Ba wanda ya ce kashin maƙeran shi ya narka kansa. Kai ko ranar haihuwarka ma ai labari aka ba ka. Wanda ya ce sai abin da ya gani, to rabin abin da ya sani ya zube.

Na biyu, hankali yana da hukunci uku, kamar yadda Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya buɗe littafinsa Ummul Barahina da su, littafin da aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. Akwai wajibi, abin da hankali ba zai ɗauki rashinsa ba. Akwai mustahili, abin da hankali ba zai ɗauki samuwarsa ba. Akwai ja'izi, abin da zai iya kasancewa, zai iya kuma ƙin kasancewa. Ni da kai da rana da wata duk ja'izai ne: da babu mu, sai ga mu. Duk abin da samuwarsa da rashinsa suke daidai, sai da wanda ya rinjayar da ɗaya a kan ɗaya.

A nan ne ake yin tambayar nan da take firgita matasa: to Shi wa ya yi Shi? Ga misali. Ka je aron fartanya wurin maƙwabcinka, ya ce shi ma arowa zai yi wurin wane, wane ya ce shi ma sai ya aro wurin wane, haka dai babu ƙarshe. In duk garin masu aro ne, babu mai fartanya ta kansa, za ka yi noma? Har abada fartanya ba za ta iso hannunka ba. Amma ga ta a hannunka. Ashe ke nan akwai mai ita na asali wanda bai aro ba. To samuwa ma haka take. Ga mu samammu, kuma samuwarmu ta aro ce. Dole a tuƙe ga Wanda samuwarSa taSa ce, ba aro ba. Tambayar wa ya ara maSa ba ta taso ba, domin da arowa Ya yi, da Shi ma Yana cikin layin masu aro.

Na uku, kimiyya fa? A da, da yawa daga masana suna ganin sararin samaniya ba shi da farko. A 1927 wani limamin Kirista ɗan Beljiyam masanin lissafi, Georges Lemaitre, ya kawo bayanin cewa sararin yana faɗaɗa. A 1929 Edwin Hubble a Amurka ya fitar da awon da ya ƙarfafa haka. A 1965 wasu masana biyu, Penzias da Wilson, suka ba da rahoton gano ragowar zafin farkon al'amarin. Yau masana suna ƙiyasta shekarun wannan sarari da kusan biliyan 13 da miliyan 800. Amma a nan ina so mu yi adalci, kada mu maimaita kuskuren ramin Sabiriya. Kimiyya ba ta ce ga Allah ba, ba ta kuma ce babu Shi ba, domin ba aikinta ba ne. Aikinta awon abin da yake aunuwa. Da tiya ake awon gero, amma ba a auna nisan Gaya zuwa Wudil da tiya. In tiya ta kasa auna hanya, ba a cewa babu hanya.

LAHIRA FA?

Abokina ya ce babu wanda ya je ya dawo. Mu yarda, babu wani a garin nan da ya je ya dawo. Shi ya sa ake kiranta gaibu, kuma ba mu da hotonta ko sautinta. Amma mu bi ta mataki-mataki.

Shin tashi bayan mutuwa mustahili ne a hankali? A'a. Wanda ya ƙera abu tun babu shi, sake ƙera shi ba zai gagare shi ba. Wannan ita ce amsar da ƙarshen Suratu Yasin ya ba mutumin da ya zo da ruɓaɓɓen ƙashi yana izgili. Alƙur'ani kuma a wurare da dama, kamar farkon Suratul Hajji, yana jan hankalinmu ga ƙasa. Mu manoma ne. Ku bi hanyar Ajingi a watan Afrilu ku ga gonaki, fari fat, sai ƙura da kututturen kara, kamar ba su taɓa yin rai ba. Ku dawo a watan Agusta, gero ya fi mutum tsawo. Wannan bai nuna mana ranar tashi ba, amma ya toshe bakin mai cewa ba zai yiwu ba.

Sannan ga maganar adalci. Mun ga azzalumai sun ci dukiyar marayu sun mutu a kan katifa. Mun ga bayin Allah an kashe su a gonakinsu ba su san hawa ba ba su san sauka ba. In mun tabbatar da Mahalicci mai hikima, Wanda Ya dasa mana ƙin zalunci a zuciya, shin hikima ce a tashi wasan haka, mai gaskiya da maƙaryaci su zama turɓaya ɗaya?

Wato hankali ya ce zai yiwu, kuma ya dace. Wanda ya ce tabbas zai faru shi ne Manzo (SAW). Saboda haka maganar lahira tana komawa ga tambaya guda: shin mai ba da labarin nan mai gaskiya ne? Nan ne ya kamata mai nema ya zauna ya karanci tarihinsa, mutumin da ya shekara 40 a cikin mutanensa suna kiransa amintacce kafin ya zo musu da saƙo, ya kuma karanci Littafin da ya zo da shi da idon basira.

YAYA ZA MU YI DA MAI SHAKKA?

Dukkanmu mun ji labarin Mubarak Bala a Kano. A 2014 ya bayyana cewa ya bar addini, danginsa suka kai shi sashen masu taɓin hankali. A Afrilun 2020 aka kama shi a Kaduna saboda rubuce-rubucensa a Facebook. A Afrilun 2022 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa shekara 24, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024, aka kuma sake shi a wannan shekarar. Shi ba mai cewa "ban sani ba" ba ne, mai cewa "babu" ne, kuma ban zo nan don in sake shari'ar kotu ba. Izgili da abin da muke girmamawa daban, tambaya daban, kuma ko izgilin ma ba hannun matasa aka ba hukuncinsa ba. Abin da nake so ku lura da shi guda ne: asibiti da kurkuku ba su mayar masa da imani ba, domin imani ba ya shiga da sanda. Yaran da suke da tambaya a zuci kuwa sun ga abin da ya faru, sun ƙara yin gum. Yana sahu tare da kai, amma tambayarsa sai ya kai wa baƙo a intanet cikin dare, domin yana tsoron ka.

Muna da abin koyi wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817. A zamaninsa an yi wasu ɗalibai da suka ɗan karanta ilimin tauhidi, suka riƙa tare talakawa suna yi musu tambayoyi, wanda ya kasa jero hujjoji irin na littafi sai su kafirta shi. Shehu ya tsaya tsayin daka ya yi musu raddi a rubuce-rubuce da dama, ɗansa Muhammadu Bello kuma ya ba da labarin haka a Infaƙul Maisuri. Darasin biyu ne. Tsohuwar da take sallarta da natsuwa, kada ka dame ta da gardama. Saurayin da ya zo da tambaya kuma, kada ka hana shi hujja.

A taƙaice 'yan'uwa, abu biyar nake roƙon mu ɗauka. Na ɗaya, kada ka tura abin da ba ka tabbatar ba, ko da kana ganin zai taimaki addini. Na biyu, mu koma gaban malamai mu karanci tauhidi daga tushe, mu rage kwana a kan gajerun bidiyo. Na uku, wanda ya ba ka amanar shakkarsa, ka riƙe masa, kada ka kai shi majalisa ko ka sa shi a waya. Na huɗu, in an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka yi irin ta Imamu Malik, sannan ka kama hannunsa ku je wurin wanda ya sani. Na biyar, in kai ne abin yake damunka, kada ka bar salla, kada kuma ka haɗiye shi kai kaɗai. Mara lafiya ba ya barin shan magani don bai warke ba tukuna.

Za ku so ku ji yadda muka ƙare da abokina. Na je na same shi na ce na yi kuskure, abin da na kunna maka ƙarya ne, ka yafe mini. Ya yi mamaki ƙwarai. Tun daga nan duk hutun da ya zo sai mun zauna, ya kawo tasa in kawo tawa, wadda ta fi ƙarfina in kai wa malam. Ba zan ce muku ya natsu ba, domin zukata a hannun Allah suke, kuma na yi alƙawarin ba zan ƙara ƙawata magana da ƙarya ba. Amma har yanzu yana zuwa, yana kuma tambaya. Ku sa shi a addu'a.

Allah Ya tabbatar da dugaduganmu, Ya ba mu yaƙini na ilimi, Ya shiryi masu nema, Ya sa mu cika da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne.